Amsa: Babur mara nauyi mai iya kwalta da hanyar kauye

Malam, ka ce rabin tafiyarka kan kwalta ne, rabi kuma burji da yashi zuwa gona, kana tambaya ko ka nemi babban mashin mai 250cc ko sama. Ni dai shawarata, kada girman inji ya rude ka. Ranar da ya kife maka cikin laka da damina kai kadai, nauyinsa ne zai dame ka.

Duba Honda XR150L da Yamaha XTZ125. Dukansu iska ce ke sanyaya injinsu, giya biyar, kuma bakaniken unguwa ba zai sha wahalar gyaransu ba. Na fi karkata ga XTZ125 in yashi ya yi yawa a hanyarka, don tayarsa ta gaba inci 21 ce, ta XR150L kuwa 19. Babbar taya ta fi hawa rami da kunya ba tare da ta kafe ba. Amma XR150L ya fi jan goyo da buhu. Kafin ka biya kudi, hau ka ga ko kafafunka na taba kasa.

Bayan ka saya, sa taya mai manyan hakora, ka rage mata iska kadan in za ka shiga rairayi, ka mayar in ka hau kwalta. Sarka kada ka daure ta tamau, tana bukatar dan sassauci saboda motsin bayan babur. Filtar iska kuwa, da hunturu rika duba ta duk mako, kura na kashe inji a hankali.