Shin motsa jiki na gyara jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ga mai cutar MS?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An gano ina da cutar MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa da laka) bayan hoton MRI. Likitana ya ce in riƙa tafiya da sauri ko tuƙa keke, wai yana taimaka wa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Amma da na fara sai ganina ya dushe, ƙafata ta yi nauyi. A gida kuma cewa ake in kwanta in huta. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Bi maganar likitanki. Mutanen gida tausayi ne ya sa su faɗi haka, kuma likitoci ma sun daɗe suna ba da wannan shawarar ta kwanciya, har binciken Petajan da abokan aikinsa a Amurka a 1996 ya nuna cewa mako 15 na motsa jiki ya ƙara wa masu MS ƙarfi da jin daɗin rayuwa.

A cutar MS garkuwar jiki ce ke afka wa maikon da ya lulluɓe jijiyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa da laka, kamar a ɓare robar wayar lantarki. To ina ruwan jijiyoyin jini? Ta cikinsu ɓarnar ke shigowa. Bangon ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa shinge ne mai tsauri, ba komai yake bari ya wuce ba. A MS ƙwayoyin garkuwa suna keta shingen, shi ya sa tabon cutar ke taruwa a kewayen ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini. Wani likita, James Dawson, ya bayyana wannan a Edinbura tun 1916, kuma har yau muna ganinsa a hoton MRI.

Ga abin da ya fi damuna. Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. An gano cewa a yawancin masu MS jinin da ke ratsa ta ya ragu, har a wuraren da babu tabo, kuma jijiyoyin ba sa buɗewa yadda ya kamata idan buƙata ta taso. Jijiyar saƙon da ta rasa rufinta kuwa ta fi mai lafiya buƙatar makamashi. Ga buƙata ta ƙaru, ga abin kawowa ya ragu.

Nan motsa jiki mai sa haki ke shigowa. Idan zuciya ta ƙara bugu, jini na gogar bangon jijiya, sai bangon ya saki sinadarin naitirik oksaid, mai sassauta jijiyar ta buɗe. Idan ana maimaitawa mako bayan mako, jijiyoyi na rage tauri, hawan jini na sauka, suga na daidaita. Kada ki raina wannan na ƙarshen: masu MS da ke da hawan jini, ciwon suga ko yawan kitse a jini sun fi saurin nakasa, haka ma masu shan taba. Amma bincike-binciken da suka auna jinin ƙwaƙwalwar masu MS kai tsaye bayan motsa jiki ƙanana ne. Wanda ya tabbata sosai shi ne raguwar gajiya, ƙaruwar ƙarfin tafiya da sauƙin damuwa, kuma motsa jiki ba ya tayar da cutar. Sai dai ba ya maye gurbin maganinki, kada ki ajiye shi.

Dushewar ganin nan kuma sananne ne. Wilhelm Uhthoff, likitan ido a Jamus, ya rubuta shi a 1890. Zafin jiki idan ya ɗan hau, jijiyar da ta rasa rufi sai ta kasa isar da saƙo na ɗan lokaci. Ba sabon tabo ba ne, yana wucewa da zarar jiki ya huce. A ƙasarmu ta zafi, musamman da bazara, wannan shi ne babban cikas. Ki fita bayan sallar asuba, ko ki yi a ɗaki gaban fanka. Ki sha ruwan sanyi kafin ki fara da kuma kina ciki, ki ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya, ki watsa ruwa bayan kin gama.

Ƙa'idar Kanada ta 2013 ga masu MS ta ce minti 30 sau biyu a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka shi ma sau biyu. Ba sai kin kai nan a makon farko ba. Fara da minti 10, ki huta, ki ƙara kaɗan-kaɗan. Ma'aunin shi ne kina haki amma kina iya magana. Idan kina tangaɗi, keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya ya fi miki tafiya a titi, kuma likitan gashin ƙashi (fisiyo) zai tsara miki abin da ya dace da ƙafarki.

Idan dushewar gani ko nauyin ƙafar ya wuce awa 24 bayan kin huce, ko sabuwar alama ta ɓullo, ko akwai zazzaɓi ko zafin fitsari, ki dakatar da motsa jikin ki koma wurin likitanki a ranar.