Amsa: Jirgin sama na mene ne, ga tauraron ɗan'adam?

Malam, ka ce tunda tauraro yana auna ɗan jan hasken da koren ganye ke fitarwa, me ya sa ake sake tashin jirgi? Don a tantance gaskiyar awon tauraron ne. Hasken kaɗan ne, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abin da ganye ya sha, kuma ɗigo ɗaya a hoton TROPOMI, wato na'urar awon da ke jikin tauraron, ya haɗe kilomitoci.

A gonakinmu na wajen Tibiri, ɗigon nan zai haɗa gero, wake, gawo da fako. Jirgi kuwa yana ware su. Amma sai ya tashi lokacin wucewar tauraron, wajen ƙarfe 1:30 na rana. Ranar hazo, kar ma a wahala.