Yadda muke zaune a bakin teku a Elmina

Assalamu alaikum, Malam. Saƙonka ya iso ni, kuma na ga tambayar da ka yi, cewa shin mu Hausawan da muka zauna a bakin tekun Gana mun koma masunta ne, kuma yaya muke yi da al'adun mutanen ruwa waɗanda ba namu ba. Zan ba ka amsa gwargwadon abin da na tashi na tarar a zangonmu na Elmina, garin da masu shi, wato Fante, suke kira Edina.

Garin tsoho ne ƙwarai. Turawan Fotugal sun gina babbar ganuwarsu a nan a shekarar 1482, mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, sannan Ingilishi suka karɓa a 1872, kuma a zamaninsu ne aka kawo sojoji Hausawa daga Legas. Wasu gidajen zango daga irin waɗannan suke jawo asalinsu, wasu kuma daga fatake da malamai da suka biyo hanyar goro har suka gangaro kudu.

Gaskiyar magana ita ce, kaɗan ne daga cikinmu suke shiga teku. Sana'ar ta Fante ce, gado suka yi, kuma yaronsu tun yana ƙarami ya san igiyar ruwa kamar yadda ɗan manomi a wajenku ya san hadarin gabas. Kwalekwalensu daga gungumen itace guda ake sassaƙo cikinsa, itacen da suke kira wawa, sannan a ƙara masa katako a gefe, a shafe shi da fenti, a rubuta masa suna ko addu'a, a ɗaura masa inji a baya. Manya daga ciki sukan ɗauki mutum fiye da goma sha biyar. Mu namu aikin a tudu yake. A cikinmu akwai mahauta, da teloli, da masu shayi da koko da ƙosai waɗanda suke buɗe tukunya tun kafin asuba domin masu dawowa daga ruwa, akwai kuma masu sayen bandar kifi su ɗaure a kwanduna su aika Kumasi da Techiman da Tamale.

Duk da haka, kada ka ɗauka teku bai shafe mu ba. Shi ne yake yanka mana lokaci. Daga watan Yuli zuwa Satumba ruwan yakan yi sanyi, ƙananan kifaye su taso da yawa, to a lokacin ne kuɗi yake yawo a gari, tela ya samu ɗinki, mahauci ya ƙara yanka, mai bin bashi ya ga biya. Idan kaka ta yi kyau a ruwa, har a faifan sadakar masallacin zango za ka gane. Idan kuwa jirage suka dawo wayam kwana da kwanaki, ko man injin da gwamnati take sayar wa masunta da rangwame ya yanke, sai ka ga mai shago ya buɗe littafin bashi yana rubutawa, domin ya san mutumin da ke gabansa ba mayaudari ba ne, ruwa ne ya hana shi. Wannan bashin shi ne ya fi komai ɗaure mu da su, kuma ni a ganina ya fi duk wata yarjejeniya ta takarda ƙarfi.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne matsayin mata. Namiji ya kamo kifi, amma da zarar kwalekwale ya shigo mashigar Benya, wato tafkin garin da ya haɗu da teku, ya tsaya, magana ta koma hannun mata. Suna da shugabarsu, wadda ake kira konkohemaa, ita da masunta suke daidaita farashin safiya. Mata da yawa su ne suke ba da kuɗin mai tun kafin a fita, saboda haka kamun ya zama nasu ne za a fara sayar wa. Su suke banda kifin a kan manyan murahu, hayaƙi yana tashi a unguwa yini guda. Bahaushen da ya zo da girman kai yana neman namijin da zai yi ciniki da shi, zai koma da kwandonsa babu komai. Maza kuma suna da nasu shugaban, apofohene, wanda aikinsa ya yi kama da na Sarkin Ruwa a Argungu, yana raba rigimar taru da ta jirage.

Ka yi tambaya a kan ranar Talata. Haka ne, ba a fita kamun kifi a teku ranar Talata, kuma a wajen masu gargajiya dalilin ya danganci abin da suke bautawa. Haka nan bikin Bakatue, da ake yi a Talatar farko ta watan Yuli domin buɗe ruwan Benya. Mu ba ma shiga tsafin da ke ciki, kuma ba a taɓa tilasta mana ba. Amma muna girmama dokar garin da ya ba kakanninmu masauki, kuma duk mai ido yana ganin amfaninta, domin ranar ce ake baje taru a ɗinke inda ya yage, a gyara inji, mutum ya zauna da iyalinsa. Su ma idan Sarkin Zango ya aika cewa Salla ta zo, sukan zo su taya mu murna, mu kuma mu aika musu da nama.

Damuwar da ta fi damunmu yanzu ba ta al'ada ba ce. Kifi ne yake raguwa. Manyan jiragen ƙarfe suna share ƙasan teku, suna kwashe har 'ya'yan kifi, kuma a baya sun yi shekaru suna daskarar da su, suna sayar wa wasu masu kwalekwale a tsakiyar ruwa, haramtaccen cinikin da ake kira saiko. Gwamnati ta sha rufe teku na tsawon wata guda domin kifi ya hayayyafa, kuma a irin wannan watan zango yakan yi tsit kamar bakin ruwan. Dattawan Fante da na sani tun ina yaro suna faɗa mini cewa yanzu sai sun yi nisan da iyayensu ba su taɓa yi ba kafin su jefa taru, kuma 'ya'yansu da namu tare suke zama a gindin gada suna shawarar tafiya Akara neman aiki.

Ka gaishe mini da iyali da malamanmu na gida. Idan Allah ya nufe ka da zuwa, ka daidaita tafiyarka da watan Agusta, mu fita bakin Benya bayan sallar asuba ka ga shigowar jirage da idonka.