Me ya sa gidajen namun daji suke musayar dabbobi tsakanin ƙasashe?

Tambaya: Malam, ina yawan jin labarin an ɗauki dabba daga gidan namun daji na wata ƙasa an kai ta wata. Shin wannan ba fatauci ba ne aka sauya masa suna? Kuma wane amfani dabbar da ke kulle take yi wa 'yan'uwanta na dawa? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malam, fataucin namun daji yana nan, kuma don a taka masa birki aka ƙulla yarjejeniyar CITES a 1973. Amma musayar da manyan gidajen namun daji suke yi wani abu ne daban, domin yawanci aro ne ko kyauta, kuma manufarta ita ce kada irin dabbar ya lalace. Idan gida ɗaya yana da dabbobi biyar ko shida, suka yi ta barbara a tsakaninsu, bayan 'yan shekaru sai a fara samun 'ya'ya raunana da ƙarancin haihuwa. Shi ya sa ake ajiye littafin nasaba na kowace dabba mai daraja, a rubuta uwarta da ubanta da inda aka haife ta, sannan wanda aka ɗora wa riƙon littafin ya ba da shawarar wane namiji ya dace da wace mace, ko da ɗaya yana Ingila ɗaya yana Amurka. Ƙungiyar WAZA, wadda ta haɗa gidajen namun daji da na halittun ruwa na duniya, tana kula da irin waɗannan littattafai na ƙasa da ƙasa.

Game da amfanin abin, ba sai mun je nesa ba, domin labarin mariri ya faru ne a maƙwabta. Wannan dabba mai farin jiki da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya ta taɓa yin kiwo garke-garke a Nijar da Chadi, amma farauta da mota da bindiga, da farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, da yaƙin Chadi suka haɗu suka ƙarar da ita. A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun da ke neman ƙarewa a duniya, ta bayyana cewa babu sauran mariri a dawa. Abin da ya rage shi ne waɗanda ke tsare a gidajen namun daji da gandayen masu hali, kuma da yawansu jikokin waɗanda aka kama a Chadi ne a shekarun 1960.

Hukumar kula da muhalli ta Abu Dhabi ta tattara mariri daga Turai da Amurka da yankin Larabawa, ta haɗa su garke guda domin jininsu ya gauraya. A 2016 aka ɗauko rukunin farko a jirgin sama zuwa gandun Wadi Rime da Wadi Ashim da ke tsakiyar Chadi, aka ajiye su cikin shinge na 'yan watanni har suka saba da zafi da ciyawar wurin, sannan aka sake su da damina, sanye da na'ura a wuya wadda ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam. Masana daga cibiyar Smithsonian ta Amurka da ƙungiyar nazarin dabbobi ta Landan suka taimaka wajen bin sawunsu. Sun hayayyafa har a Disambar 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a dawa, ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana. A ganina rabin yabon na Chadi ne, domin gandun fili ne da makiyaya suke kiwo a cikinsa, kuma da ba a sami haɗin kansu da na ma'aikatan gandun ba, da wahalar ta tashi a banza.

Gidajen halittun ruwa ma sun bi sahu, har suna aika ƙwayayen wani nau'in kifin shak zuwa tsibiran Raja Ampat na Indonesiya, inda ake ƙyanƙyashe su a sake su cikin teku.

Sai dai zarginka yana da wurin zama. Gidan da ba ya ajiye nasabar dabbobinsa, ba shi da likitan dabbobi, kuma ba ya cikin wata yarjejeniyar kiwo da takwarorinsa, ba zai fake da labarin mariri ba, domin abin da yake yi nuni ne kawai don kuɗin ƙofa. Idan ka ziyarci gidan namun daji, ka tambayi ma'aikatan daga ina dabbar ta zo, kuma ina za a kai 'ya'yanta idan ta haihu.