Amsa: Ban yi karatu ba, yaya zan taimaki ɗana?

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 7 yana ja baya a makaranta, ke kuma ba ki yi karatu ba. Kada wannan ya karya miki gwiwa, akwai abin yi sosai.

Ki ware minti 15 zuwa 20 kullum, a lokaci guda, a kashe talabijin, a ajiye waya. Ya karanta miki da ƙarfi yana bin layi da yatsa, sannan ya rufe littafin ya ba ki labarin da bakinsa. Idan ya kasa, to kalmomin kawai yake furtawa, bai fahimta ba, sai a maimaita shafin. Kada yayyensa su yi masa aikin gida, domin malami zai ga komai daidai ya wuce gaba, giɓin ya ƙara faɗi. Tsawa kuwa sa shi za ta yi ya daina tambaya.

Yaro mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Idan yana matse ido ko manna littafi a fuska, a gwada idonsa. In an yi rabuwa ko rashi a gida kwanan nan, ki sanar da malaminsa.