Amsata kan G-Man, wai Gordon ne ya dawo?

Salamu alaikum jama'a, na ga abin da ake ta turowa tun safe, rubutu ba zai ɗauki maganar nan ba shi yasa na yi murya. Wanda bai gama Half-Life: Alyx ba ya tsallake don zan fasa ƙwai. Toh ɗan'uwa, kai da ka tambaya wai G-Man, mai kwat da jakar nan da ke ta ɓullowa a gem ɗin Half-Life, ko jarumin gem ɗin Gordon Freeman ne da kansa ya tsufa ya dawo daga zamani mai zuwa, na san a YouTube ka ɗauko, kuma ni a fahimtata abin da kake son ji shi ne mutum ne ko ba mutum ba, kuma wa yake yi wa aiki, to ita zan amsa.

Ba Gordon ba ne wallahi, ku bar maganar nan. Duk hujjar masu faɗin haka ita ce harafin G, alhali a gem na farko na 1998 da na biyu na 2004 ba wanda ya taɓa kiransa da wannan sunan a cikin labarin, a fayil ɗin gem ɗin mutane suka gano shi. Shi Eli Vance ma, baban Alyx abokiyar tafiyar Gordon, in yana magana da Gordon abokinmu ni da kai kawai yake ce masa. Kuma ka tuna Nihilanth, ƙaton abin nan mai kai kamar na jariri da kake kashewa a matsayin Gordon a Xen, wata duniya ta baƙin halittu, yana ta yi maka magana a cikin kanka, a ciki yake cewa kai mutum ne, shi ba mutum ba ne, kuma kai yake jira. To wa ke jiranka bayan ka kashe shi? Mai shuɗiyar kwat da jaka a hannu. Ai magana ta ƙare. Ka saurari yadda yake magana ma, yana jan numfashi a inda ba a ja, yana tsayawa a tsakiyar kalma, ka ji wanda bai saba da baki da huhu ba. Mike Shapiro ne ya yi muryar, kuma shi ne dai ya yi muryar Barney mai gadi, har akwai masu cewa to Barney ne, kai jama'a, wannan kam ba zan ɓata bakina a kai ba.

Abin da mutane ke tsallakewa suna ta neman garinsu da danginsa shi ne mutumin nan yana da iyayen gida. Da bakinsa ya faɗa a ƙarshen na farko, a cikin taragon nan da ke tafiya cikin duhu, cewa waɗanda yake wa aiki sun yarda a ɗauke ka, in ka ƙi shiga ƙofar ya jefa ka tsakiyar rundunar Xen ba makami. Ya ajiye Gordon kusan shekara 20 sannan ya sauke shi a jirgin ƙasa mai shiga City 17, birnin gem na biyu da ke hannun Combine, baƙin halittun da suka mamaye duniya. Can a saman Citadel, dogon ginin Combine, Breen da ke mulkin mutane a madadinsu ya ce wa Gordon kwangilarka fa a kasuwa take, wanda ya fi tayi shi zai ɗauka, kuma da na'urar da ke saman ginin ta fashe G-Man ya tsayar da lokaci ya ce an kawo masa tayi masu kyau a kanka. Dillali ne kawai, irin wanda kaya ba nasa ba, kuɗi ba nasa ba, amma ba a ciniki sai da shi.

Kuma ana iya taka masa birki, wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa wani abin bauta ne na duniyar gem ɗin ba. Farkon Episode One, ci gaban gem na biyu a 2006, Vortigaunts, baƙin halittun da suka zama abokan Gordon, suka zagaye shi suna ƙyalli ruwan shunayya, suka ƙwace Gordon, ka dubi fuskarsa a wurin, ya gyara nektai ransa a ɓace, ka san an taɓa shi. Bai sake samun hanya ba sai a Episode Two lokacin da hankalinsu ya koma kan ceto ran Alyx a cikin ramin nan, a nan ya ce shi ya fitar da ita daga Black Mesa, cibiyar binciken da masifar ta faro a gem na farko, tana yarinya duk da wasu sun ce ba ta da amfani. Wasu su wa? Ka ga akwai masu ja da shi a can sama. Sannan Eli ya faɗa cewa G-Man ɗin ne ya kawo dutsen da aka saka a na'urar gwaji a Black Mesa har komai ya ɓaci.

Amma tsaya, bari in koma baya, don abin da ya fi ci min rai shi ne Opposing Force na 1999, ƙarin da aka yi wa gem na farko, wanda kowa ke yi kamar babu shi. Adrian Shephard, wanda kake bugawa da shi a ciki, soja ne, ya sha wuya ya kashe bam ɗin nukiliya da aka dasa a Black Mesa, kana leƙawa ta taga sai ka ga G-Man ya durƙusa yana sake kunna shi. Ya share wurin gaba ɗaya don kar a bar shaida, amma bai kashe Shephard ba, ya ce ya roƙa a bar shi da rai saboda masu iya jure kowace masifa su tsira suna tuna masa da kansa. Suna tuna masa da kansa fa! A iya sanina nan ne ya fi kusa da faɗin daga ina ya fito, wato shi ma an taɓa cin ƙasarsu ko an farauce su, ya tsira, aka ɗauke shi aiki yadda yake ɗaukar wasu. Na taɓa faɗin haka a shagon gem ɗin unguwarmu wani ya taso min wai kamfanin Gearbox ne suka yi shi ba Valve masu Half-Life ba don haka ba ya cikin lissafi, ya tara min yara suna dariya, shi kuwa ko buga shi bai taɓa yi ba, a waya ya karanta. To in ba ya cikin lissafi ina Black Mesa ta tafi? Har yau abin na raina, kuma har yau Shephard na can a rataye cikin jirgin saman da G-Man ya bar shi ba wanda ya waiwaye shi, tun 1999 fa, haba.

Toh ina nake ma, eh, asalinsa. Hasashen da na fi karkata gare shi shi ne jinsinsu ɗaya da Advisors ɗin nan, manya a cikin Combine, masu kama da ƙatuwar tsutsa, wato Combine sun kama nasu tun suna ƙanana sun bautar da su, shi kuma ya kuɓuta ya girma. Wannan ya samo tushe ne daga wani shafin Twitter mai suna BreenGrub da Marc Laidlaw marubucin labarin ya riƙa rubutawa, sai dai Valve ba ta taɓa cewa yana cikin labarin ba kuma shi Laidlaw ya bar kamfanin a 2016, don haka hasashe ne nake ce maka, kar ka kai shi wani wuri ka ce tabbas ne. Amma ka haɗa shi da Alyx na 2020, Combine da suka ci duniya cikin awa 7 su ne suka gina ƙaton kurkuku yana shawagi a sama, suna tatsar wutar Vortigaunts don su riƙe shi shi kaɗai, Alyx ta fasa tana zaton Gordon ne a ciki sai ga shi. Tsoronsa suke ji. Kuma a wurin ne ya nuna mata Gordon daban, ya ce ya gaza ko ya ƙi yin aikin, ya ɗauke ta a madadinsa bayan ya ba ta damar ceton babanta. To mutum zai kori kansa daga aiki ne? Ka turo min bidiyon da ka kalla ɗin, ina son in ji me mai shi ya ce kan wannan wurin, in ma ya taɓo shi.