Direban Yashi a Texas: Shin Barci a Kan Kujerar Mota Hutu Ne a Idon Doka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina jan tirelar yashi daga Kermit a Texas zuwa rijiyoyin mai da ke wajajen Carlsbad a New Mexico. Motata mai gajeren kai ce, babu gado a baya. Wani lokaci layi kan riƙe ni awa shida ko bakwai a bakin rijiya. Mai rarraba mana aiki ya ce in riƙa rubuta zaman layin a matsayin hutu, wai doka ta yi wa aikin mai rangwame, kuma in raba barcina kashi biyu a cikin mota. Haka abin yake? Kuma ba dole ba ne kamfani ya kama mini ɗaki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya. Maganar mutumin nan da ƙanshin gaskiya a cikinta, amma rangwamen da yake nufi ba naka ba ne.

Tunda kana tsallaka iyakar jiha, dokar tarayya ce a kanka, wadda FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan tsaron manyan motocin sufuri, ke kula da ita a sashe na 395 na ƙa'idojinta. Ka san gindinta: tuƙin awa 11 a cikin awa 14 daga lokacin da ka kama aiki, bayan hutun awa 10 a jere, da tsayawar minti 30 idan ka cika awa 8 kana tuƙi, sannan kada ka tuƙa bayan aikin awa 70 a kwana 8 idan kamfaninku na aiki kullum.

Rangwamen aikin mai iri biyu ne, kuma cakuɗa su ne ke jefa direbobi cikin rami. Na farko, 395.1(d)(1), ya shafe ka: wanda aikinsa kacokan hidimar rijiyoyi ne, hutun awa 24 ya ishe shi ya sake ƙirgen mako daga farko, maimakon awa 34 na sauran direbobi. Na biyu, 395.1(d)(2), shi ne na zaman jira, kuma an yi shi ne domin direban da aka ba horo na musamman, mai tuƙa motar da aka ƙera ta musamman don aikin rijiya, irin su motar famfon siminti, da famfon fasa dutse, da mai zura waya cikin rijiya. A bayanin da FMCSA ta fitar a watan Yunin 2012 ta faɗa ƙarara cewa masu jigilar yashi da ruwa ba sa cikin wannan rukuni. Damar raba barci kashi biyu a ɗakunan kwana na bakin rijiya ma ta waɗancan direbobin ce kaɗai.

To, ina matsayin barcinka a kujera? Tun watan Fabrairun 2012 doka ta yarda cewa hutawa a cikin motar da aka faka tana iya shiga lissafin hutu. Saboda haka idan ka samu wuri ka faka, aka sauke maka nauyin mota da kaya, ka yi awa 10 cur babu mai kiranka, ka cika sharaɗi ko da a zaune ka kwana. Abin da ba za ka iya ba shi ne ka danna layin gadon mota a ELD, na'urar da ke rubuta awannin aikinka da hutunka. Gadon da doka ta sani yana da awo a sashe na 393.76, tsawon inci 75 da faɗin inci 24 aƙalla. Katakon da wasu ke gittawa tsakanin kujeru biyu su shimfiɗa bargo bai zama gado ba. Raba hutun awa 10 kashi biyu, awa 7 da 3, ko 8 da 2, yana buƙatar dogon kason ya kasance a cikin gadon nan, don haka ƙofarsa a rufe take gare ka.

Zaman layi kuwa, duba yadda yake a zahiri. Kana zaune, rediyo a kunne, ido a kan fitilun motar gabanka, duk bayan minti ashirin sai ka saki birki ka matsa gaba kaɗan. Wannan aiki ne. Doka ta lissafa zaman shirin tuƙi da tsaron motar da ake lodi ko saukewa a cikin lokacin aiki. Ko da an sallame ka na awa uku ka ɗan runtsa, agogon awa 14 bai tsaya ba, yana ta ci.

Nan ne hankalina ya fi tashi. Sa hannun da ke kan littafin awannin aiki naka ne. Sashe na 395.8(e) ya hana rubuta ƙarya, kuma ranar da jami'i ya tsayar da kai a ma'auni, ko hatsari ya auku, Allah ya kiyaye, mai rarraba aikin yana ofis cikin sanyin na'ura, lasisinka ne a kan tebur. Kamfani na iya turo gyara a ELD, amma gyaran ba ya zama sai ka amince da shi, kuma ainihin bayanin farko ba ya gogewa. Duk gyaran da ka san ba haka aka yi ba, ka ƙi shi.

Batun ɗaki, gaskiya ɗaya ce ko da ba daɗi: dokar tarayya ba ta tilasta wa kamfani ya kama maka otal ba. Sai dai idan yarjejeniyar aikinka ko littafin ƙa'idojin kamfanin ya yi alƙawarin haka, to ka nemo shi ka karanta. A ganina wannan giɓi ne babba, domin wanda ya kwana a takure cikin zafin yammacin Texas, injin na ruri, bai huta ba ko da takarda ta ce ya huta. Amma akwai sashe na 392.3, wanda ya haramta wa direba tuƙi, ya kuma haramta wa kamfani sa shi tuƙi, matuƙar gajiya ta kai ga zama haɗari. Wannan bai dogara da ko awanninka sun ƙare ba.

Ga abin da zan so ka yi. Ka mayar da maganar a rubuce, ta saƙon waya, cikin ladabi: ka ce motarka ba ta cikin rukunin 395.1(d)(2), za ka rubuta zaman layi a matsayin aiki. Ranar da barci ya ci ƙarfinka, ka rubuta cewa ba za ka iya tuƙi lafiya ba saboda gajiya, ka ambaci 392.3. Ka adana hotunan saƙonnin, da tikitin shiga da fita daga rijiya, a wayar da ba ta kamfani ba.

Idan suka yi maka barazanar kora ko rage lodi don ka karya ƙa'ida, wannan tursasawa ce a ƙarƙashin 390.6, kana da kwana 90 ka kai ƙara wurin FMCSA. Idan suka aikata, suka kore ka ko suka hukunta ka, dokar STAA, mai kare direban da ya ƙi karya ƙa'idar tsaro, ta ba ka kwana 180 ka shigar da ƙorafi a OSHA, hukumar kula da lafiya da tsaron ma'aikata, wadda ke iya sa a mayar da kai aiki a biya ka albashin da ka rasa. Kwanakin nan ba sa jiran sulhu, kada a riƙe ka da "za mu duba" har su wuce.

Kafin ka tura saƙon farko, ka nuna wa lauyan ƙwadago a garin Midland ko Odessa da ke Texas yarjejeniyarka da takardun albashinka, domin ko ana biyanka kuɗin zaman layi wata shari'a ce daban da abin da ELD ya rubuta.